Filin Harsunan Dā: Bitrus ya zauna ne, ko yana zaune?

Yawancin wasiƙun wannan wata sun taru ne kan aikatau guda na tsohon Girkanci, wanda ke nufin zama tare, don haka na haɗa su wuri ɗaya. 

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a makarantar tauhidin Kirista, bana na fara Girkanci. A labarin daren da aka kama Yesu, Markus 14:54 ya ce Bitrus ēn synkathēmenos tare da dogarai, Luka 22:55 kuma ya kawo synkathisantōn. Na duba ƙamus na tarar da aikatau biyu, synkathēmai da synkathizō, kowanne an ce "zama tare". Ina bambancin yake? Kuma me ya sa na farkon ba shi da aoris, alhali an sa mu haddace aoris na kowane aikatau?

Amsa: 'Yata, ƙamus bai yi miki ƙarya ba, rowar bayani ya yi. Bambancin da kike nema yana bakinki tun kina ƙarama. Ki ce "ya zauna", sannan ki ce "yana zaune". A ta farko kin ga mutum ya lanƙwasa gwiwa ya kai ƙasa, abu ya faru ya wuce. A ta biyu kin tarar da shi ne a haka, ba ki ga lokacin da ya sauka ba, ba ki kuma san yaushe zai tashi ba. To synkathizō shi ne "zauna tare", synkathēmai kuwa "zaune tare". Wanda ya koyi Girkanci ta hanyar Turanci yakan sha wahala a nan, domin Turanci kalma ɗaya yake ja ta yi aikin biyu. Ke ba ki da wannan matsalar.

Bari mu fasa kalmar. Da haruffan Girkanci ana rubuta ta συγκάθημαι, kuma gini uku ne a cikinta. Akwai syn, wato tare. Akwai kata, wato ƙasa. Sai hēmai, ina zaune. Da kata ya haɗu da hēmai, wasalin ƙarshe ya faɗi, t ya ci karo da h suka narke suka zama th. Hēmai shi kaɗai ba za ki cika ganinsa ba sai a waƙa, wurin Homa, tsohon mawaƙin Girkawa, da marubuta wasannin ban tausayi; masu zube kathēmai suke cewa. Daga baya aka liƙa masa syn a goshi.

Yanzu maganar aoris. Aoris lokaci ne da ke ɗaukar aiki dunƙule, kamar abin da ya auku sau ɗaya: ya faɗi, ya tashi, ya mutu. "Zaune" kuwa ba aukuwa ba ce, hali ne da mutum yake ciki. Shin a Hausa kina iya cewa "ya zaune"? Ba ya yiwuwa, kuma dalilin da ya hana ki shi ne ya hana Bagirke. Abin da kathēmai yake da shi shi ne lokaci mai ci, "ina zaune", da shuɗaɗɗe mai ɗorewa, ekathēmēn, "a lokacin ina zaune". A Girkancin baya kuma aka samu na nan gaba, kathēsomai. In marubuci yana son ya ce mutum ya zauna, sai ya bar wannan aikatau gaba ɗaya ya koma kathizō, ya ce ekathisen. Ba giɓi ba ne a tebur ɗin haddarki, don haka kada ki ɓata dare kina neman abin da babu.

Ayar Luka da kika kawo ita ce mafi kyaun misali, domin ta haɗa su biyun a numfashi ɗaya. Ya ce bayan sun hura wuta a tsakar gida sun zauna tare, synkathisantōn, sai ga Bitrus ekathēto a tsakiyarsu. Dogaran an ga zamansu: sun kunna wuta, sun zazzauna, aiki biyu a jere. Bitrus kuwa ba a nuna mana lokacin da ya shigo da'irar ba. Mun waiwaya kawai mun same shi zaune a ciki. Ga mutumin da ya biyo daga nesa yana gudun a gane shi, ni dai ban ga lokacin da ya fi wannan dacewa ba, kuma ba na jin Luka da ka ya zaɓe shi.

Markus ya ƙara jan abin. Bai ce synekathēto ba, ya ɗauko ēn, "ya kasance", ya jingina masa synkathēmenos, siffar da masu nahawun Larabci za su kira ismul fa'ili. Wannan gini yana tsawaita zaman, kamar mu ce "yana nan zaune". Sannan ya ƙara da cewa yana jin ɗumi pros to phōs. Kalmar phōs haske take nufi, ba wuta ba, kuma hasken nan ne zai tona fuskarsa ga baranyar da ta zo ta ƙura masa ido. Matiyu 26:58 ya ce ekathēto kawai, babu syn. Yahaya 18:18 kuwa a tsaye ya bar su duka. Yadda za a daidaita waɗannan aikin malamanki na tafsiri ne. Nawa iyakarsa nahawu.

Akwai abu ɗaya da synkathizō yake yi wanda ɗan'uwansa ba ya iyawa: yana ɗaukar karɓau. Wato yana iya zama "zauna tare", yana kuma iya zama "zaunar da wani tare". Mu a Hausa siffar kalmar muke sauyawa, zauna ta koma zaunar. Bagirke ba ya sauya komai, sai ki duba jimlar ki ga ko akwai wanda aikin ya faɗa wa. A Afisawa 2:6 synekathisen yana nufin "ya zaunar da mu tare", kuma "mu" ɗin, hēmas, tana can baya a aya ta 5. Shi ne na uku a jerin aikatau masu syn a wurin: ya rayar tare, ya tayar tare, ya zaunar tare. A Sabon Alkawari gaba ɗaya synkathizō sau biyu ya zo, nan da Luka. Synkathēmai ma sau biyu, Markus da Ayyukan Manzanni 26:30.

Sai abokin zaman. Girkanci yana sauya ƙarshen suna gwargwadon aikinsa a jimla, kwatankwacin i'irabi. Aikatau mai syn yakan sa wanda ake tare da shi a halin da ake kira datif, ba tare da wata kalma a tsakani ba. Haka Ayyukan Manzanni ya yi: hoi synkathēmenoi autois, "waɗanda ke zaune tare da su". Markus kuwa ya ƙara meta, wadda ita ma "tare da" ce, ta ja sunan zuwa wani hali daban, na mallaka, da ake kira janitif. Ya faɗi "tare" sau biyu ke nan. Girkancin gama-gari na ƙarni na 1, wanda ake kira Koine, ba ya jin kunyar irin wannan maimaici.

Game da hadda: synkathēmai, synkathēsai, synkathētai, synkathēmetha, synkathēsthe, synkathēntai. Ki lura ɗafa-ƙeyar tana manne da saiwa kai tsaye, babu wasalin nan o ko e da kika saba gani a tsakani. Ƙarshen -mai kuma kada ya ruɗe ki ki fassara "an zaunar da ni". Aikatau ɗin ba shi da wata siffa sai wannan. Ki koye shi tare da keimai, "ina kwance", hanyarsu ɗaya. Na ukunsu shi ne hestēka, "ina tsaye", sai dai shi ta wata ƙofa ya shigo.

Tambaya: Malam, a littattafai daban-daban na ga συγκ-, na ga συνκ-, har ma ξυγκ-. Wanne ne daidai? Ni ɗan sakandare ne, a intanet nake koyo.

Amsa: Yaro, duka ukun daidai ne, kowanne da zamaninsa. Furta "hankali" a hankali ka ji inda n take fitowa: can baya a ganɗa, domin k na biye da ita. Naso ke nan. Mu mun bar ta n a rubuce, Girkawa kuwa suka riƙa rubuta wannan sauti da harafin gamma (γ), shi ya sa ka ga γκ, amma "nk" ake karantawa. Masu kwafe littattafai da hannu a zamanin Koine sau da yawa sukan bar ν, wato n ɗinsu, yadda take, kuma bugun Sabon Alkawari na Westcott da Hort na 1881 ya bi su a Markus 14:54. Xyn kuwa tsohuwar siffar syn ce ta mutanen Atina, ita Tusididis marubucin tarihi yake amfani da ita.

Wurin da ɗalibai ke tuntuɓe shi ne shuɗaɗɗen lokaci. Girkanci yana saka e a gaban saiwa don nuna abin ya wuce, kuma ƙa'ida ita ce e ɗin ta zo bayan ɗafa-goshi. Da ta shigo tsakanin syn da k, dalilin naso ya kau, ν ta dawo: συνεκάθισεν. In ka je ƙamus kana neman συνεκ- ba za ka samu ba, sai ka koma συγκ-. Ka kuma lura e ɗin ta tsaya gaban kath-, ba bayansa ba. Kata ya daɗe manne da wannan saiwa har masu harshen suka daina jin sa a matsayin ƙari.

Tambaya: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni tarihi nake karantawa, ba addini ba. Ko wannan kalma ta zo a rubutun Girkawa na kafin Miladiyya, kuma ma'anarta ɗaya ce?

Amsa: Amin, ɗan'uwa. Ta zo, kuma a can ne ta fi daɗi.

Fara da Tusididis, littafi na 5, sashe na 55. Shekara ta 419 kafin Miladiyya ce, bayan sulhun Nikiyas na 421 tsakanin Atina da Sparta, wanda ya riga ya fara tsagewa. Mutanen Argos sun shiga ƙasar Efidauros da yaƙi, a daidai lokacin da wakilan birane suka hallara a Mantineya bisa gayyatar Atina. Sai wakilin Koranti, Yufamidas, ya ce maganarsu ba ta dace da aikinsu ba: ga su nan xynkathēsthai kan batun zaman lafiya, alhali can mayaƙa suna fuskantar juna da makamai. Ya ce a fara raba rundunonin tukuna, sannan a dawo kan magana. Aka yarda, aka janye mutanen Argos, aka sake haɗuwa, aka kasa cimma komai, Argos ta koma ta ci gaba da ɓarna. A nan kalmar ta wuce zama a kan kujera, ta zama "zaman taro". Kuma zaɓen siffar "zaune" shi ne gatsen maganar. A jimlar Yufamidas aikatau biyu ne suke kallon juna, duka na hali: mu muna zaune, su suna jere a sahun daga. Da ya ce "mun zauna" da ya ba da labari ne kawai. "Muna nan zaune" zargi ne.

Aristofanis ya fi shi rashin tausayi. A wasansa na Zanzaro, wanda aka nuna a 422 kafin Miladiyya, wani bawa mai suna Sosiyas yana ba abokinsa labarin mafarki: ya ga tumaki synkathēmena a tudun Pnyx suna zaman majalisa, riƙe da sanduna, yafe da mayafai. Pnyx shi ne inda 'yan ƙasar Atina suke taruwa su yanke hukunci, jama'a zaune, mai magana tsaye a kan dandamali. Mai yi wa tumakin jawabi kuwa wata dabbar ruwa ce mai haɗama, da murya irin ta alade, kuma 'yan kallo sun san Kiliyon ake nufi, ɗan siyasar da ya fi kowa ƙarfin baki a lokacin. Mutanen da ake kira tumaki su ne zaune suna kallon wasan.

Yurifidis ya yi amfani da ita a baiti na 811 na wasan Bakkai, inda Diyonisos, ɗaya daga cikin allolin Girkawa, ya tambayi sarki Fentiyos ko yana son ya ga matan da ke bauta wa Diyonisos ɗin synkathēmenas a kan duwatsu. Sarkin da ke shirin tura sojoji ya amsa cewa yana so ƙwarai, kuma daga wannan amsa halakarsa ta fara.

Amma wadda na fi so ita ce ta Hirodotus, littafi na 3, sashe na 68. Dab da mutuwar Kambisis, sarkin Farisa, a 522 kafin Miladiyya, wani bamajuse ya hau gado yana cewa shi ne Simardis ɗan Sairus, ƙanen sarkin, ya kuma gaji matan Kambisis. Wani babba mai suna Otanis ya yi shakka. 'Yarsa Faidime tana cikin matan, sai ya aika mata ta tambayi Atosa 'yar Sairus, ita ma cikin matan, wadda ba za ta kasa gane ɗan'uwanta ba. Faidime ta mayar da amsa cewa ba ta iya magana da Atosa, ba ta ma ganin ko ɗaya daga cikin tōn synkatēmenōn gynaikōn, domin tun da mutumin nan ya hau ya warwatsa su, kowacce wurinta daban. Ka ga abin mamakin? Matan ba sa tare, jimlar kanta ta faɗi haka, amma sunansu bai sauya ba: "matan da ke zaune tare". Mai fassara zuwa Hausa ba zai wahala ba, "abokan zamana" zai rubuta, yadda mace take kiran kishiyarta ko da sun yi wata ba su haɗu ba. (Ka lura Hirodotus kat- ya rubuta, ba kath- ba; karin harshen Iyoniya ba ya furta h.) Ƙarshen labarin, Faidime ta lallaba kan mutumin yana barci ta ji ba shi da kunnuwa, alamar hukuncin da Sairus ya taɓa yi wa bamajusen, daga nan aka ƙulla makircin da ya kawo Dariyus.

Irin wannan ne ya faru a Ayyukan Manzanni 26:30 da na ambata a sama. Bulus ya gama kare kansa a Kaisariya, sai sarki Agaribas da gwamna Fastos da Barniki suka tashi, tare da hoi synkathēmenoi. "Zaunannun" sun miƙe tsaye, kuma har yanzu zaunannu ake ce musu. Manyan sojoji ne da manyan gari da aka ambata a 25:23. Ra'ayina shi ne da zarar an sa wa wannan siffa madanganci hoi ta fara barin jiki ta koma muƙami: 'yan zama, waɗanda ke da wuri a taron. Synkathizō bai taɓa samun wannan girma ba, domin aikin sauka kan kujera ba ya daɗewa balle a sa wa mutum suna da shi.

Tambaya: Malam, ni malamin Larabci ne. Majalisa daga majlis take, majlis daga jalasa, zama. Na ji an ce Sanhedrin ta Yahudawa ma daga wannan aikatau na Girkanci take. Haka ne?

Amsa: Allah ya gafarta Malam, rabin maganar gaskiya ce. Tunanin ɗaya ne da na majlis, kuma kalmar Girkanci ce, amma ba daga synkathēmai ta fito ba. Asalinta synedrion, wato syn da hedra, mazauni. Aikataunta synedreuō, zama a majalisa. Hedra 'yar ɗakin hizō ce, wanda ke cikin kathizō, duka daga tsohuwar saiwa sed, wadda ta ba Latin sedere. Hēmai kuwa wani gida ne daban, danginsa āste na Sanskirit. Sun yi kama a kunne, sun yi maƙwabtaka a ma'ana, har masana suna ganin h ɗin hēmai aro ce daga maƙwabcin, amma ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Synedrion tana da tarihinta kafin ta isa Urushalima. Haka ake kiran majalisar ƙawayen Atina a ƙawance na biyu da aka kafa a 378 zuwa 377 kafin Miladiyya, haka kuma majalisar biranen Girka da Filibus na Makidoniya ya haɗa a Koranti bayan yaƙin Kaironiya na 338. Yosifus, Bayahude marubucin tarihi, ya ruwaito cewa gwamnan Rum na Siriya, Gabiniyus, ya raba ƙasar Yahudiya gida biyar a 57 kafin Miladiyya, kowanne da synedrion nasa. Ibraniyanci ya ari kalmar ta zama sanhedrin, kuma Mishna, kundin dokokin Yahudawa, ta ce babbar tana da mutum 71. Daga hedra ɗin nan ne aka samu proedros, mai zama a gaba, wanda har yau shi ne sunan shugaban ƙasa a Girka, da kathedra, kujerar malami ko ta bishop, wadda ta ba babbar majami'a sunan katidiral.

Tambaya: Malam, to simfoziyam da jami'o'i ke shiryawa fa? Ba shi ne "zama tare" ba?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Syn ɗin yana nan, ya koma sym saboda p da ke binsa, amma sauran kalmar daga "sha" take. Symposion shan giya ne tare, bayan cin abincin dare, kuma ba a zaune ake yinsa ba. Jaruman Homa a zaune suke cin abinci, amma tun wajen ƙarni na 7 kafin Miladiyya manyan Girkawa suka ɗauko al'adar kishingiɗa daga gabas, mutum ya dogara da gwiwar hannun hagu a kan gado ya ci da dama. Aikatau na wannan hali synanakeimai ne, "kishingiɗe tare", ɗan gidan keimai. Shi ne a Markus 2:15 inda masu karɓar haraji suke cin abinci da Yesu, da 6:22 a walimar Hirudus, ko da yake fassarori da yawa "zauna" suke sawa a wuraren biyu. Taron jami'a ya ɗauki sunan ne saboda littafin Aflatun mai wannan take, inda mahalarta suka yi jawabi ɗaya bayan ɗaya kan soyayya. Giyar da gadajen ne aka bari a baya.